Numfashin Fijo

Shekara uku tana kwance gindin mangwaro a Gyallesu,
Fijon Baba, ruwan ƙasa, tayoyi duk sun sace,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya.
Ranar rabon gado kowa ya kau da kai.
Ni na ce a ba ni.

Na ɗaura batir, na zuba galan biyu,
na murɗa makulli da bismilla.
Ta yi tari, ta yi kaki, ta tashi,
har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

To amma ga halinta.
Daga gida zuwa Agoro tana tafe tana yanga,
ta haye gadar Kubanni ko gezau,
ana dosar Kwangila sai shessheƙa,
in taka totur, ta ja, ta saki, ta ja,
ta mutu murus a gefen titi.
In sauka in sha rake, in yi hira da mai faci,
in dawo in murɗa,
ta tashi kamar ba ita ba.

Sallau ya ce kafireta ce.
Ya warware ta a tasa, ya wanke da fetur,
ya busa kowane rami har kumatunsa suka yi tsami.
Iliya ya ce famfon mai, na saya.
Wani ya ce kwayil ke zafi, ya naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma.
Fulogi huɗu sababbi fil.
Aka zagi 'yan bumburutu da kakanninsu,
wai sun sirka mini da kananzir.
Gwaggo Asabe ta ce, ku bar wahala,
mai ita take nema.

Albashina biyu suka bi ruwa,
Kwangila tana nan inda take.

Sai aka ce in je Muciya wajen Baba Barau.
Na same shi zaune kan mataccen inji,
yana ta rufe masa ido, hannu na rawa,
rabonsa da sifana tun kafin in yi gemu.
Bai ce buɗe bonet ba.
Ya ce, ɗauke ni mu je inda take mutuwa.

Ya kwantar da tafinsa a gaban mota
kamar mai jin zazzaɓin jika.
Ba magana. Ta ja, ta saki, ta tsaya.
Ya fita yana lalube, ya bi jikinta har baya,
ya murɗe murfin tanki.

Fuuu!
Dogon numfashi ta ja,
irin na wanda aka tsamo daga rijiya.

Ya ce, samo mini tsinken tsintsiya.
A murfin akwai wani rami, bai kai ƙwayar gero ba.
Ya soka, ya juya,
busasshiyar laka ta zubo a tafinsa.
Ya shinshina, ya yi dariya har da tari:
zanzaro ne ya yi gini.
Yaro, ba ka taɓa fasa gwangwanin madara ba?
Huda biyu ake yi.
In iska ba ta shiga, mai ba ya fita.

Na laluba aljihu, ya riƙe mini hannu.
Ya ce goro ɗaya, sai ka kai ni Samaru,
na daɗe ban sha iskar hanyar nan ba.

Muka wuce Kwangila, ban ma lura ba.
Wajen Hanwa ya shafa sitiyari, ya ce,
wannan ɗaurin fatar aikina ne,
ubanka ba ya son santsi a hannu.

Shekara uku ban ambaci Baba a gaban kowa ba.
Na sauke gilashi.
Na buɗe baki, abin ya yi ta zuwa,
shi yana taunar goro yana gyaɗa kai,
ita kuwa tana ta cin hanya.